Babi na Biyar: Cacar Tsufa a Ingila

Ranar 5 ga Yuli, 1948, dokoki biyu suka fara aiki a Birtaniya, kuma har yau tsofaffi da masu naƙasa na ƙasar a tsakaninsu suke rayuwa. Ta farko ita ce ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, wadda ministan lafiya Aneurin Bevan ya tsaya kai da fata sai da ta tabbata. Ƙa'idarta a bayyane take: mai kuɗi da talaka duk a duba su kyauta, a biya daga harajin kowa. Ta biyu ita ce dokar tallafa wa mabuƙata, wadda ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da matsuguni da kulawa ga wanda tsufa ko rauni ya hana shi riƙe kansa, amma da sharaɗin a bincika abin hannunsa, in yana da shi ya biya. A wancan lokaci babu wanda ya ga aibin wannan rabo, domin matsakaicin tsawon ran namiji bai wuce shekara 66 ba, na mace kuwa wajen 70, kuma waɗanda suke daɗewa a kwance ba su da yawa. Yau mutane suna haura 80, da yawansu da ciwon da ba ya kisa da wuri kuma ba ya warkewa. Abin da nake son tabbatarwa a wannan babi shi ne, laifin tsarin Ingila yana cikin yadda ake raba nauyin biya. Ana sauke shi gaba ɗaya a kan tsirarun da ƙaddara ta faɗa wa, alhali irin nauyin da ya kamata kowa ya ɗauki ɗan kaɗan ne.

Ga yadda ake lissafin. Idan mutum ya kai ga ba ya iya wanka, ko sa tufafi, ko cin abinci, ko zagayawa sai da taimako, ƙaramar hukumarsa za ta auna buƙatarsa, sannan ta auna dukiyarsa. Wanda ajiyarsa da kadararsa suka haura fam 23,250 shi zai biya kuɗin kulawarsa duka. Wanda abin hannunsa bai kai fam 14,250 ba, ba a taɓa ajiyarsa, sai dai in yana gidan kula da tsofaffi a karɓi fanshonsa da sauran abin da ke shigo masa, a bar masa wajen fam 30 a mako na sabulu da aski da ɗan abin marmari. Wanda yake tsakanin waɗannan adadi biyu kuwa, ana ƙara masa biyan fam ɗaya a mako a kan kowane fam 250 na ajiyarsa da ke sama da fam 14,250. Waɗannan iyakoki ba su motsa ba tun 2010, alhali farashin komai ya tashi, don haka kowace shekara ana samun ƙarin mutanen da doka ke ɗauka a matsayin masu hali ba tare da sun ƙaru da ko kwabo ba. A ɗaya ɓangaren, kuɗin ɗaki a gidan kula da tsofaffi ya haura fam 1,000 a mako a wurare da dama, wato sama da fam 50,000 a shekara. Kuma babu iyaka ga abin da mutum zai iya kashewa. Zai yi ta biya har dukiyarsa ta sauko ƙasa da layin, sannan hukuma ta shigo.

Gida shi ne inda abin ya fi ciwo, domin shi ne babbar dukiyar yawancin tsofaffin Ingila. Muddin ana kula da mutum a cikin gidansa, ba a lissafa gidan. Da zarar ya koma gidan kula da tsofaffi na dindindin, sai gidan ya shiga lissafi bayan mako 12, sai fa in mijinsa ko matarsa na zaune a ciki, ko wani ɗan'uwa da ya kai shekara 60, ko mai naƙasa. Dokar kulawa ta 2014 ta tilasta wa ƙananan hukumomi su ba da damar jinkirta biya, wato hukuma ta riƙa biya a madadin mutum, a rubuta bashin a kan gidan da kuɗin ruwa, a karɓa bayan ya rasu ko an sayar. Wannan ya hana a sayar da gida ido na ganin ido, amma gidan dai tafiya yake yi. Wanda kuma ya yi dabarar kyautar da gidan ga 'ya'yansa don ya kauce wa biya, hukuma na da ikon lissafa shi kamar yana hannunsa.

Inda rashin adalcin ya fi fitowa fili shi ne a kan iyakar da ke tsakanin dokokin nan biyu na 1948. Wanda ciwon daji ya kama, hukumar lafiya za ta yi masa aiki, ta ba shi magani komai tsadarsa, ba a tambaye shi ko sisi ba. Wanda ciwon mantuwa ya kama, wanda shi ma cuta ce ta ƙwaƙwalwa da likita ke tabbatarwa, abin da yake buƙata shi ne mai tsaronsa dare da rana, mai ba shi abinci a baki, mai sauya masa shimfiɗa, kuma doka ta sa wannan a layin kulawar da ake biya. Akwai wata kafa da ake kira ci gaba da jinya a ƙarƙashin NHS, inda hukumar lafiya ke ɗaukar nauyin komai idan aka yanke cewa asalin buƙatar mutum ta lafiya ce. A 1999 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a shari'ar Pamela Coughlan, wadda haɗarin mota ya naƙasa, cewa irin jinyar da take buƙata ta fi ƙarfin abin da za a tura wa ƙaramar hukuma. Amma tun daga lokacin iyalai suke fama da takardu da zaman tantancewa, kuma yawan waɗanda ake amince wa ya bambanta daga yanki zuwa yanki. Mutum biyu da suka yi aiki iri ɗaya, suka biya haraji iri ɗaya, ɗaya ya mutu da gidansa, ɗaya ya mutu ba shi da komai, kuma abin da ya raba su kawai shi ne sunan cutar da ta kama su.

Masanin tattalin arziki Andrew Dilnot, wanda gwamnati ta ba shi jagorancin kwamiti a kan wannan batu, ya fito da ainihin siffar matsalar a rahotonsa na Yulin 2011. A cikin waɗanda suka kai shekara 65, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba za su kashe wani abin kirki a kan kulawa ba har su bar duniya, amma ɗaya cikin goma zai kashe fiye da fam 100,000. Shekara goma bayan haka, ƙiyasin gwamnati ya koma ɗaya cikin bakwai. Babu mai shekara 65 da ya san a wane rukuni zai faɗa. Irin wannan haɗari, wanda ba ya samun kowa amma wanda ya samu sai ya kassara shi, daidai yake da gobara a kasuwa: ba a ce wa kowane mai rumfa ya ajiye kuɗin sake gina rumfarsa da cika ta da kaya, sai dai kowa ya zuba kaɗan a asusu ɗaya don wanda wuta ta ci. Ingila ta yarda da wannan hikima a kan ciwo, da rasa aiki, da haɗarin mota, da ƙonewar gida. A kan raunin tsufa kaɗai ta bar kowa da ƙaddararsa. Kamfanonin inshora ma ba su cike gurbin ba. Sun gwada sayar da irin wannan inshora, suka janye, domin ba za su iya ƙiyasta abin da kulawa za ta ci nan da shekara talatin ba, kuma matashi ba ya sayen kariya daga abin da yake zaton gwamnati ce za ta biya. Shawarar Dilnot ita ce a sa iyaka ta fam 35,000 a kan abin da mutum zai biya a tsawon rayuwarsa, abin da ya haura gwamnati ta ɗauka, a kuma ɗaga layin dukiya zuwa fam 100,000.

Abin da ya biyo baya tarihi ne na alkawari da saɓawa. Tun kafin Dilnot, a 1999, kwamitin Stewart Sutherland ya ba da shawarar a mai da kulawar jiki kyauta, gwamnatin Leba ta ƙi a Ingila. Gab da zaɓen 2010 jam'iyyar Leba ta yi tunanin cire wani kaso daga dukiyar mamaci, 'yan Konzabatib suka laƙaba masa harajin mutuwa, maganar ta mutu. Dokar 2014 ta tanadi iyaka ta fam 72,000 daga Afrilun 2016, aka ɗage zuwa 2020, daga baya aka yi watsi da ita. A zaɓen 2017 firaminista Theresa May ta ce za a lissafa gida ko da a gida ake kula da mutum, amma a bar masa fam 100,000. 'Yan adawa suka kira shi harajin ciwon mantuwa, ta sauya magana cikin kwana huɗu, ta kuma rasa rinjayenta a majalisa. Magajinta Boris Johnson ya yi alkawarin magance matsalar ranar da ya hau mulki a 2019, ya sanar da iyaka ta fam 86,000 a Satumban 2021 tare da sabon haraji na kashi 1.25 cikin ɗari. Aka soke harajin a 2022, ministan kuɗi Jeremy Hunt ya ɗage iyakar zuwa Oktoban 2025, magajiyarsa Rachel Reeves ta soke ta ɗungurungum a Yulin 2024. A farkon 2025 aka naɗa Louise Casey ta jagoranci wani sabon kwamiti da zai kammala aiki a 2028. Manyan jam'iyyun biyu kowace ta kawo gyara tana mulki, kowace kuma ta yi wa gyaran ɗaya zagon ƙasa tana adawa.

Suka ta farko da ake yi wa haɗa nauyin, kuma ita ce mafi ƙarfi, ita ce: me zai sa matashin da ke biyan haya, wanda bai san ranar da zai mallaki gida ba, ya biya haraji don a kare gadon 'ya'yan mai gida a kudancin Ingila? Wannan tambaya tana da gaskiya, kuma tsarin Johnson ya ba ta ƙarfi. Harajin da ya sa a kan albashin masu aiki ya fi faɗawa. Sannan an gyara dokar yadda abin da mutum ya biya daga aljihunsa kaɗai ake ƙirgawa zuwa fam 86,000, ban da tallafin hukuma, don haka mai ƙaramin gida a arewacin ƙasar zai iya rasa mafi yawan darajarsa, mai gidan fam miliyan a Landan kuwa ya rasa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Amma wannan suka ce ga hanyar tara kuɗin, ba ta rushe hikimar tarawar ba. Idan manufar ita ce dukiyar tsofaffi ta ɗauki nauyin tsofaffi, hanyar adalci ita ce a karɓi ƙaramin kaso daga dukkan gado, ko daga dukkan kadara, ko a sa masu fansho su ma su riƙa zubawa. Abin da ake yi yanzu ma haraji ne a kan gado, sai dai shi ne mafi munin nau'insa: yana iya cinye kusan duk abin da mai ciwon mantuwa ya tara, ya bar attajirin da bugun zuciya ya ɗauke farat ɗaya ba a taɓa masa komai ba. Kuma kusan rabin abin da ƙananan hukumomi ke kashewa a kan kulawa mai tsawo yana tafiya ne ga waɗanda ba su kai shekara 65 ba, masu naƙasar jiki ko ta ƙwaƙwalwa, waɗanda yawancinsu ba su taɓa samun damar tara abin gado ba.

Suka ta biyu ita ce wadda mai karatu Bahaushe zai fi saurin kawowa: ina 'ya'ya? Wanda ya raine ka kana jariri, ai kai ne za ka raine shi in ya tsufa, kuma miƙa wannan ga hukuma zubar da mutunci ne. Haƙƙin iyaye a kan 'ya'ya ba abin musu ba ne, amma zaton cewa Turawan Ingila sun yar da tsofaffinsu bai dace da alƙaluma ba. Ƙidayar 2021 ta sami wajen mutum miliyan biyar a Ingila da Wales suna jinyar wani nasu ba biya, mafi yawansu mata, wasunsu su kansu tsofaffi ne masu jinyar mazajensu. Alawus ɗin da gwamnati ke ba wanda ke wannan aiki na aƙalla awa 35 a mako bai wuce fam 80 da 'yan kai ba. Iyali su ne ƙashin bayan tsarin tun asali. Sai dai iyalin da ke da 'ya'ya biyu, ɗaya a wani gari, ɗaya na aikin da in ya bari haya za ta gagara, ba zai iya abin da gida mai mutum ashirin ke iya yi ba. Akwai kuma matakin ciwo da ƙauna kaɗai ba ta isa: mutumin da ke fita tsakar dare bai san inda za shi ba, ko wanda sai mutum biyu sun ɗaga shi. Asusun haɗin gwiwa yana tallafa wa ɗan da ke son riƙe mahaifiyarsa a gida ne, ya samu mai kama masa na 'yan awoyi, maimakon ya yi ta ɗauka shi kaɗai har ya karye, daga nan a kai ta inda ba ta so.

Suka ta uku ita ce ta baitulmali: ƙasa ba ta da kuɗin. Amsar ita ce ana biyan kuɗin tun yanzu, ta hanyoyin da ba sa fitowa a kasafi. A 2017 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta gano cewa masu biya da kansu suna biyan matsakaicin kashi 41 cikin ɗari fiye da abin da ƙananan hukumomi ke biya a gidaje guda. Wato tsohuwar da ke cin kuɗin gidanta tana kuma cike giɓin maƙwabciyarta ta ɗaki, ba tare da majalisa ta taɓa zama a kan wannan haraji ba. Asibitoci na biya: a kowace rana sama da gadaje 10,000 a Ingila suna ɗauke da mutanen da likita ya sallama, da yawansu suna jiran a samo mai kula da su, motocin asibiti kuma na layi a ƙofa. Ma'aikatan kulawa na biya da albashin da ke dab da mafi ƙanƙanta da doka ta yarda. Da guraben aiki suka yi yawa, sai gwamnati ta buɗe bizar wannan aiki a Fabrairun 2022, dubun-dubatar mutane suka shigo daga Indiya da Najeriya da Zimbabuwe da Gana, wasu bayan sun biya dillalai maƙudan kuɗi. A Maris 2024 aka hana su zuwa da iyalansu, a 2025 aka rufe ɗaukar sababbi daga waje. Ƙasar da ta kasa yanke shawarar wanda zai biya ta jingina tsofaffinta a kan arhar ƙwadagon baƙi, sannan ta rufe ƙofar.

Cewa abin ba zai yiwu ba, Jamus da Japan sun ƙaryata shi. Jamus ta kafa inshorar kulawa ta dole a 1995 a zamanin shugaban gwamnati Helmut Kohl, da hannun ministan ƙwadago Norbert Blüm. Ma'aikaci da mai ɗaukarsa aiki suna raba gudummawar, wadda ta fara da kashi ɗaya cikin ɗari na albashi, ta kai 3.6 a 2025, kuma marasa 'ya'ya suna biyan ƙari tun 2005. Masu fansho ma suna zubawa. Mai buƙata na iya zaɓar a turo masa ma'aikata ko a ba shi kuɗi a hannu ya ba 'yarsa ko surukarsa, kuma fiye da kashi huɗu cikin biyar na masu buƙatar kulawa a gidajensu ake kula da su, abin da ke nuna inshorar ba ta kori iyali ba. Japan ta fara nata tsarin a Afrilun 2000. Duk wanda ya kai shekara 40 yana biya, rabin kuɗin daga gudummawa, rabi daga haraji, mai amfani kuma ya biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗin hidima, masu hali kashi 20 ko 30. Japan da gangan ta ƙi ba da kuɗi a hannu, don gudun kada a ci gaba da ɗaure matan 'ya'ya a ɗakin jinya. Hanyoyin sun bambanta, amma tushen ɗaya ne: kowa na biya tun yana da ƙarfi, kuma haƙƙin samun taimako ya dogara ne ga buƙata.

Za a ce waɗannan ma suna nishi, kuma haka ne. Gudummawar Jamus ta ninka fiye da sau uku, inshorar ba ta biyan komai da komai, kuma abin da sabon shiga gidan kulawa ke cikawa daga aljihunsa ya kai wajen yuro 3,000 a wata. Japan na fama da ƙarancin ma'aikata. Sikotlan, wadda ta karɓi shawarar Sutherland ta mai da kulawar jiki kyauta ga masu shekara 65 a 2002, ta kuma faɗaɗa ta ga waɗanda ba su kai ba a 2019, har yanzu tana cajin kuɗin ɗaki da abinci, kuma mutane na jira a layi. Babu tsarin da ya sa tsufa ya yi arha, kuma ba laifi ba ne mai hali ya biya kuɗin kwana da abincinsa, tun da ko a gidansa yake zai ci zai sha. Bambancin shi ne, idan kuɗi ya gaza a Jamus ko Japan, ana ƙara gudummawa a bainar jama'a, a yi muhawara, kowa ya ji ɗan raɗaɗi. Idan ya gaza a Ingila, sai a ƙyale layin fam 23,250 inda yake, a tsaurara sharuɗɗan cancanta, raɗaɗin ya sauka a ɓoye a kan gidaje ɗaiɗai.

Wannan ɓoyuwar ce ke bayyana dalilin da ya sa gyara ya gagara fiye da shekara ashirin da biyar. Mutane da yawa a Ingila suna zaton kulawa kyauta ce kamar asibiti, ba sa sanin gaskiya sai ranar da aka kira su a ce mahaifinsu ba zai iya komawa gida ba. Duk ɗan siyasar da ya kawo tsari mai farashi a rubuce, sai masu zaɓe su kwatanta shi da kyautar da suke zaton suna da ita, su ga kamar sabon nauyi aka ɗora musu. Waɗanda tsarin ya cinye kuwa ba su da ƙungiya mai tsoratar da gwamnati, domin marasa lafiyar ba su da baki, masu jinyarsu ba su da lokaci, kuma bayan rasuwa kowa na son ya manta. Duk shawarar da kwamitin Casey zai kawo, da ma'auni uku ya kamata a auna ta: ko ta sa iyaka ga asarar mutum ɗaya, ko ta tara kuɗin daga dukiya da fansho tare da albashi, ko kuma ta bar isasshen abin biyan ma'aikata da taimakon waɗanda ba su da gidan da za a kare. Kafin a kai ga ko ɗaya, sai an sami gwamnatin da za ta fito ta gaya wa jama'a nawa suke biya yanzu da kuma waɗanda ke biyan, da 'yan adawar da za su haƙura da ribar zaɓe ɗaya.